Garkuwar Aro da Garkuwar Kai a Jinin Yaran Dutsin-Ma da Kurfi

Tun daga watan Disamba na 2022, lokacin da aka sanar da Hukumar Daƙile Cututtuka ta Nijeriya, wato NCDC, ɓullar cutar mashaƙo a Kano da Legas, annobar ta ci gaba da bazuwa a Arewa, kuma Katsina tana cikin jihohin da abin ya fi shafa tare da Kano da Yobe da Bauchi da Borno. Zuwa farkon 2025, waɗanda aka tabbatar sun kamu a faɗin ƙasar sun haura 25,000, waɗanda suka rasu kuma sun haura 1,000, akasarinsu yara, kuma mafi yawan yaran ba su kammala allurar rigakafi ba. Dutsin-Ma da Kurfi ba su da katangar da ta raba su da wannan lamari, domin garuruwa ne da ke kan hanya guda mai zuwa birnin Katsina, ga ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da na Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke shigowa daga ko'ina, ga almajirai da fatake da masu cin kasuwa, ita kuwa wannan cuta tari da atishawa da cunkoson ɗaki ne abin hawanta.

Abin da ke kashe mai mashaƙo dafi ne. Ƙwayar cutar, wadda bakteriya ce, wato halitta mai rai da ido ba ya gani, takan zauna a maƙogwaro, inda take haifar da wata fata-fata mai ruwan toka da ke manne wa ganda da belu, wadda idan aka kankare ta sai jini ya fito, idan kuma ta yi kauri sai ta toshe hanyar numfashi, wuya ya kumbura, muryar yaro ta dishe. Daga can maƙogwaron take tsiyayo dafi cikin jini, dafin ya isa zuciya ya raunana namanta, ya isa jijiyoyi ya kashe musu aiki, har a ga yaron da ake zaton ya samu sauƙi ya faɗi bayan mako biyu ko uku. Magungunan kashe bakteriya irin su penisilin da eritromaisin suna kashe ƙwayar, kuma wajibi ne a ba da su, amma ba su da wani tasiri a kan dafin da ya riga ya shiga jini. Abu ɗaya ne tak yake iya kama wannan dafi ya hana shi ɓarna, shi ne abin da masana ke kira antibodi.

Antibodi wani furotin ne, wato sinadari irin wanda ake gina tsoka da jini da shi, wanda jiki yake ƙerawa ya zuba cikin ruwan jini da majina da hawaye da nonon uwa. Siffarsa siffar gwafa ce, mai rassa biyu da gindi ɗaya, kamar yadda binciken Rodney Porter na Ingila da Gerald Edelman na Amurka ya nuna, binciken da ya samo musu kyautar Nobel a 1972. Bakin rassan biyu shi ne yake kama abin da ya shigo jiki, gindin kuma shi ne yake kiran sauran ƙwayoyin garkuwa su zo su ƙarasa aikin. Abin da ake kamawa, ko wani ɓangare ne na fatar ƙwayar cuta ko kuwa dafinta, shi ake kira antijen, kuma kowane antibodi antijen ɗaya ya dace da shi, ta yadda wanda aka ƙera domin dafin mashaƙo ba zai taɓa kama ƙwayar ƙyanda ba, wanda aka ƙera domin ƙyanda kuma bai san sanƙarau ba.

Masu ƙera antibodi wani rukuni ne na fararen ƙwayoyin jini da ake kira ƙwayoyin B, waɗanda ake haifa a cikin ɓargon ƙashi. Abin ban mamaki a halittarsu shi ne ba sa jiran su ga cuta kafin su shirya mata. Tun suna cikin ɓargo kowace ƙwaya takan yanyanka wasu gutattsarin ƙwayoyin gado ta sake harhaɗa su ta wata hanya dabam da ta 'yar'uwarta, don haka kowace takan fito da nata bakin gwafa da babu irinsa, har jiki ya wayi gari da miliyoyin siffofi daban-daban, ciki har da waɗanda suka dace da cututtukan da mutum bai taɓa haɗuwa da su ba. Susumu Tonegawa, ɗan ƙasar Japan, shi ya gano wannan dabara, aka kuma ba shi kyautar Nobel a 1987. Sai dai wannan yalwa tana da farashi, domin ƙwayoyin da suka dace da wata cuta guda ba su da yawa, kuma a warwatse suke cikin jiki. Idan cuta ta shigo, sai an kai alamarta wuraren da ƙwayoyin B ke taruwa, wato saifa da ƙananan ƙulle-ƙullen nan na wuya da hammata da matsematsi, sai ƙwayar da ta dace ta gamu da ita, sai wata ƙwaya mai taimako da ake kira ƙwayar T ta tabbatar mata cewa abin nan baƙo ne, sannan ta fara rabuwa biyu, huɗu, takwas, har ta zama dubbai. Kaluluwar da ke fito wa mutum a matsematsi idan ya ji ciwo a ƙafa alama ce ta wannan aiki, domin ƙullin ya cika da ƙwayoyin da ke hayayyafa. Daga cikin 'ya'yan da aka samu, wasu sukan zama ƙwayoyin filasma, waɗanda ba su da wani aiki sai zubo antibodi, kowace tana fitar da dubbai a daƙiƙa guda, wasu kuma sukan zama ƙwayoyin tuni, su koma gefe su zauna shekaru suna jiran dawowar wannan baƙo.

Duk wannan yana cin lokaci, kuma a nan ne musibar take. Jikin da bai taɓa sanin wata cuta ba yana buƙatar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya tara antibodi mai isa, alhali mashaƙo kwana biyu zuwa biyar yake buƙata ya bayyana, ya kuma fara sakin dafi. Jikin da ya riga ya san dafin kuwa yana da antibodi a shirye cikin jini, kuma ƙwayoyin tuninsa sukan tashi cikin 'yan kwanaki su ƙaro wanda ya fi na farko yawa da ƙarfin kamu. Bambancin yaron da ya kwanta da yaron da ya ci gaba da wasa a gida ɗaya sau da yawa bai wuce wannan tazara ta kwanaki ba.

Allurar rigakafi hanya ce ta gabatar wa jiki da baƙon tun bai zo da makami ba. A 1923 Gaston Ramon, wani likitan dabbobi na Cibiyar Pasteur a Faransa, ya nuna cewa idan aka jiƙa dafin mashaƙo da sinadarin fomalin, gubarsa takan mutu amma siffarsa ta rage, ta yadda jiki zai ƙera masa antibodi ba tare da ya cutu ba. Wannan mataccen dafi yana cikin allurar nan da ma'aikatan lafiya da iyaye mata ke kira fenta, wadda Nijeriya ta shigar cikin jadawalinta a 2012, kuma take haɗe da kariya daga cututtuka biyar, wato mashaƙo da tarin shiƙa da tsinkau-tsinkau da ciwon hanta nau'in B da wata ƙwaya mai haddasa ciwon huhu da sanƙarau ga jarirai. Ana yin ta a cinya, a mako na 6 da na 10 da na 14 bayan haihuwa. Maimaitawar nan ba wai don ta farko ba ta shiga ba ne. Allurar farko takan tayar da ƙwayoyin B kaɗan, kuma antibodin da suke fara fitarwa, wanda ake kira IgM, babba ne mai rauni wajen kamu kuma ba ya daɗewa. Tsakanin allura da allura, ƙwayoyin da ke cikin ƙulle-ƙullen nan sukan riƙa yi wa bakin gwafarsu 'yan sauye-sauye, waɗanda nasu ya fi kama antijen su rayu, saura su mutu, su kuma sauya zuwa wani nau'i mai suna IgG, wanda shi ne mafi yawa a jini kuma shi ne yake ratsawa cikin nama. Allura ta biyu da ta uku su ne suke zaɓo waɗannan gwanaye su yawaita su. Saboda haka yaron da aka yi wa ɗaya aka tsaya an fara masa aiki ne ba a ƙarasa ba, ko da kuwa katinsa yana ɗauke da sa hannun malamar asibiti.

Dalilin tsayawar sananne ne ga duk wanda ya taɓa zama a layin rigakafi. Jariri yakan kwana da zazzaɓi da kuka, cinyar ta ɗan kumbura ta yi tauri, maigida ya ce an kai yaro lafiyarsa ƙalau an dawo masa da shi ba lafiya, ya hana a koma. Damuwar uba a nan ba abin rainawa ba ce, kuma laifin ya fi rataya a wuyan ma'aikacin da ya soka allura bai tsaya ya gaya wa uwa cewa zazzaɓin kwana ɗaya ko biyu zai iya biyowa ba, cewa alama ce ta jiki ya karɓi saƙo ya kama aiki, da kuma abin da za ta ba yaron da lokacin da ya kamata ta dawo idan abin ya wuce haka.

Yaron da mashaƙo ya riga ya kama ba shi da makon da zai jira jikinsa, don haka sai a ara masa antibodi daga wani jiki. Wannan dabara ta fito ne daga birnin Balin a 1890, inda Emil von Behring da abokin aikinsa Kitasato Shibasaburo suka nuna cewa ruwan jinin dabbar da ta saba da dafi yana kare wata dabbar da ba ta saba ba, kuma a kan wannan aiki aka ba Behring kyautar Nobel ta farko a fannin likitanci a 1901. Har yau dawakai ake amfani da su: ana yi wa doki allurar mataccen dafi a kai a kai har jininsa ya cika da antibodi, a ɗebi jinin, a tace, a zuba a kwalabe. Maganin yana ceton rai, amma yana da iyakoki uku da ya kamata kowane mahaifi ya sani. Na farko, ba ya kama dafi sai wanda yake yawo cikin jini, wanda ya riga ya shige cikin naman zuciya ko jijiya ya fi ƙarfinsa, shi ya sa likitoci ba sa jiran sakamakon gwaji kafin su ba da shi, shi ya sa kuma kowace rana da aka ɓata a gida, ana gwada jiƙe-jiƙe ko ana kiran wanzami ya duba belu, take rage amfaninsa. Na biyu, furotin ɗin doki baƙo ne ga jikin mutum, jiki yana iya tayar masa nan take, don haka ba a ba da shi sai a asibiti inda ake sa ido a kan majinyaci. Na uku, ba ya koya wa jiki komai, domin ƙwayoyin B na yaron ba su suka ƙera shi ba, cikin ɗan lokaci zai ƙare bai bar tuni ba, har ma likitoci sukan yi wa wanda ya warke daga mashaƙo allurar rigakafi kafin ko bayan sallama, saboda ita kanta cutar ba kullum take barin kariya ba. Ga shi kuma kamfanonin da ke yin sa a duniya 'yan kaɗan ne, tun da buƙatarsa ta ragu a ƙasashen da suka shawo kan cutar.

Manoman da ke aiki a gonakin damina da fadamun da ke kewaye da madatsar ruwa ta Zobe sun san wani ɗan'uwan wannan magani, wato allurar saran maciji. Ita ma antibodi ce ta aro, wadda ake samu daga tumaki ko dawakan da aka saba wa dafin kububuwa, kuma ƙa'idarta ɗaya ce: wadda aka yi da dafin macizan Indiya ba lallai ta kama dafin kububuwar Arewa ba, kuma wanda aka yi wa ita bana ba shi da wata kariya idan an sake sararsa baɗi.

Aro mafi girma kuwa ba daga doki yake zuwa ba, daga uwa yake. IgG ne kaɗai nau'in antibodi da ke ratsa mabiyiya ya shiga jinin ɗan tayi, kuma mafi yawansa a watanni uku na ƙarshen ciki yake ƙetarawa, abin da ya sa bakwaini yake zuwa duniya da guzuri kaɗan. Uwa ba ta iya ba da abin da ba ta da shi. Idan an yi mata allurar Td a wurin awon ciki, wadda ke kare ta daga tsinkau-tsinkau da mashaƙo, jininta zai cika da antibodi, jaririn ya gada, ta yadda ko da an yanke cibi da rezar da ba ta da tsabta yana da abin da zai kama dafin kafin muƙamuƙinsa ya sandare ya kasa kama nono. Bayan haihuwa kuma sai dakashi, ruwan nonon farko mai kauri da launin rawaya, wanda yake cike da wani nau'i mai suna IgA, wanda ba ya shiga jini sai dai ya shafe bangon hanjin jariri ya hana ƙwayoyin gudawa mannewa. Al'adar da har yanzu ake samu a wasu gidaje ta matse dakashi a zubar, a ba jariri ruwa ko madarar dabba har sai nono ya yi fari, asara ce babba, kuma kakanni da ungozomomi ne suke da ikon kawo ƙarshenta, tun da su ne masu faɗa a ji a ɗakin maijego.

Abin da jariri ya gada yana raguwa da rabi a kusan kowane mako uku, har ya ƙare cikin watanni. Wannan raguwa ita ce ta tsara lokacin allurar ƙyanda. Idan aka yi ta da wuri, antibodin uwa zai kama raunanniyar ƙwayar da ke cikin allurar ya kawar da ita kafin jikin yaron ya koyi komai, idan kuma aka yi jinkiri, yaron zai zauna tsirara tsakanin ƙarewar na uwa da samuwar nasa. Wata tara shi ne tsaka-tsakin da aka zaɓa a ƙasashen da ƙyanda ke yawo, kuma da yake a wannan wata akwai yaran da allurar ba ta kama su, sai aka ƙara ta biyu a wata na 15. Ƙyanda ta cancanci wannan kulawa fiye da yadda ake zato, domin wani bincike da aka wallafa a mujallar Science a 2019 ya nuna cewa tana kashe ƙwayoyin tuni, har yaran da aka bincika suka rasa tsakanin kashi 11 zuwa 73 cikin 100 na ire-iren antibodin da suka tara a baya. Iyaye sun daɗe suna lura cewa yaron da ya tashi daga ƙyanda yakan yi ta laulayi, yau tari gobe gudawa, kuma ga dalilin nan ya fito.

Kama dafi hanya ɗaya ce kawai cikin hanyoyin aikin antibodi. Idan ya manne a jikin bakteriya, gindinsa yakan zama abin riƙo ga wasu fararen ƙwayoyin jini masu haɗiye ƙwayoyin cuta, yakan kuma tayar da wasu jerin furotin da ke cikin jini waɗanda suke huda fatar bakteriyar har ta fashe. Da waɗannan hanyoyi biyu jiki yake yaƙar sanƙarau, cutar da a 1996 ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya ta kashe sama da 11,000. Allurar MenAfriVac, wadda aka fara yi a jihohin Arewa daga 2011, ta durƙusar da nau'in A na ƙwayar, amma a 2017 nau'in C ya ɓarke a Zamfara da Sakkwato da Katsina da Kebbi, har wasu suka ɗauka allurar baya ba ta yi aiki ba. Ta yi aikinta, sai dai antibodin da ya san rigar nau'in A bai san ta nau'in C ba. Wannan ne ya sa a 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allura mai haɗe da nau'i biyar.

Wannan ilimi yana kuma gyara fahimtar wani gwaji da ya zama ruwan dare a ɗakunan gwaje-gwaje da shagunan magani, wato gwajin Widal na taifod, wanda ya samo asali tun 1896. Gwajin ba ƙwayar cutar yake nema ba, antibodi yake aunawa, shi kuwa antibodi yana iya zama cikin jini bayan cutar ta daɗe da wucewa, don haka mutum mai zazzaɓin cizon sauro yana iya fitowa da sakamakon taifod, ya kashe kuɗi a kan maganin da ba ya buƙata.

A yankin Dutsin-Ma da Kurfi, babban abin da ke tsakanin yaro da antibodinsa hanya ce. Matsalar 'yan bindiga da ta addabi wannan yanki da maƙwabtansa Safana da Batsari da Ɗanmusa ta tayar da ƙauyuka, ta hana ma'aikata shiga wasu, ta kuma sa iyalai da dama sun yi hijira zuwa cikin gari sun bar katin rigakafi a baya. Ita kuma allurar fenta tana son sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, zafi yana rage mata ƙarfi, daskarewa kuma tana lalata ta, don haka akwatin sanyin da ma'aikaci ke ɗaurewa a bayan babur zuwa Birchi ko Karofi, da firijin asibiti mai aiki da hasken rana, suna cikin abubuwan da ke tabbatar da cewa abin da ya shiga cinyar yaro zai haifar da kariya. Yunwa ma tana da hannu, tun da antibodi furotin ne, kuma yaron da tamowa ta kama shi ne cuta ta fi saurin kayarwa, don haka shi ya fi kowa buƙatar allurar, ba a hana shi ita don ya rame.

Akwai kuma giɓin da hukumomi ne kaɗai za su iya cikewa. Kariyar da allurai uku na jarirai ke bayarwa daga mashaƙo tana raguwa da shekaru, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar ƙarin allurai uku na tunatarwa, ɗaya a shekara ta biyu, ɗaya tsakanin shekara 4 zuwa 7, ɗaya kuma tsakanin 9 zuwa 15. Yaran da ke cikin waɗannan shekaru suna makarantun firamare da na Islamiyya da tsangayu, inda za a same su a tare, kuma limamai da alarammomi da masu unguwanni da ke ƙarƙashin 'Yandakan Katsina a Dutsin-Ma da Maraɗin Katsina a Kurfi su ne mutanen da iyaye ke saurara. Ga iyalan da gudun hijira ko rashin lafiya ko hanin maigida ya yanke wa 'ya'yansu allura a tsakiya, ƙwayoyin tunin da allurar farko ta haifar suna nan ba su mutu ba, don haka ba a sake farawa daga farko, daga inda aka tsaya ake ɗorawa, ko an yi watanni, kuma ɓatan kati ba ya hana ma'aikacin lafiya karɓar yaro a ranar rigakafi.